Mike Tyson: gwanin dambe ne ko tsoronsa ne ya yi masa aiki?

Sadiq Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare mun raba dare muna musu da yayana a kan Mike Tyson, har sai da Hajiyarmu ta leƙo ta ce mu rage murya. Shi a wajensa ba a taɓa yin ɗan damben boksin kamar Tyson a ajin masu nauyi ba. Ni kuma tambaya ɗaya na yi masa, kuma ita na kawo muku nan. A kawo min dambe ɗaya tak da aka kai Tyson ƙasa, ko aka fi ƙarfinsa tun daga farko, sannan ya farfaɗo ya ci. Ɗaya kawai nake nema. Buster Douglas ya tsaya masa, Tyson ya faɗi. Evander Holyfield ya tsaya masa, Tyson ya faɗi, karo na biyu ma ya koma cizo. Lennox Lewis ya tsaya masa, Tyson ya faɗi. Duk wanda bai ji tsoronsa ba ya doke shi. To ina gwanintar da ake ta faɗa?

Baba Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam. Sadiq ɗana, a wace shekara aka haife ka? Ba raini ba ne, so nake in san ko ka ga abin a lokacinsa. Mu mun gani. A 1986 ina aiki a Kaduna, wani abokinmu yana da bidiyo, ana kawo mana kaset bayan an yi damben da makonni. Ranar da muka kalli dambensa da Trevor Berbick mun fi mu ashirin a falo ɗaya. Yaro ɗan shekara 20 da wata huɗu. A turmi na biyu ya ɗirka wa Berbick hagu a gefen kai, mutumin nan ya faɗi, ya yunƙura ya tashi ƙafafu suka ƙi, ya sake zubewa, ya sake tashi ya sake tafiya luuu ya faɗi. Naushi ɗaya, faɗuwa uku. Mun mayar da kaset ɗin baya har mai gida ya ce za mu lalata masa na'ura. Berbick ɗin nan fa shi ne wanda ya doke Muhammad Ali a dambensa na ƙarshe a 1981. Tun daga ranar har yau babu wanda ya ɗauki kambun masu nauyi da ƙarancin shekarun Tyson.

Sadiq Fagge:
Baba, Allah ya ƙara girma, a 1991 aka haife ni, ban musa ba kun riga mu gani. Amma duk damben nan suna YouTube, na zauna na kalle su ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfin naushi ban hana shi ba. Tambayata tana nan dai.

Koci Habu:
Sadiq, bari in shigo a matsayin wanda yake koyar da yara damben nan. Kuskuren da mutane ke yi, har masoyan Tyson ɗin, shi ne su ɗauka ƙarfi ne kawai. Masu ƙarfin naushi sun yi yawa a tarihi, George Foreman da Earnie Shavers ba su gaza shi nauyin hannu ba. Abin da ya bambanta Tyson na 1986 zuwa 1988 shi ne kariya da ƙafa.

Mutumin gajere ne a ajinsa, tsayinsa bai wuce santimita 178 ba, hannunsa ma gajere. Kusan duk wanda ya kara da shi ya fi shi tsawo. To ta yaya gajere zai isa ga dogo ba tare da an farfasa masa fuska a hanya ba? Nan ne aikin tsohon nan Cus D'Amato ya fito. Ya koya masa ya ɗora safar hannu biyu a kumatu, haɓa a ƙasa, kai kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya ko na daƙiƙa, dama, hagu, sunkuyo. Idan ka kai masa naushi ya goce, ba baya yake ja ba, gaba yake matsowa ta gefenka, kafin ka janye hannu ya riga ya shigo ƙarƙashinka. Daga nan sai dama a haƙarƙari, dama kuma daga ƙasa zuwa haɓa. Har lamba D'Amato ya sa wa kowane naushi, koci ya kira lambobi yaro ya zuba su a jere ba tare da tunani ba. Da wannan salon ne D'Amato ya fitar da Floyd Patterson da Jose Torres tun kafin Tyson.

Na gwada koya wa yarana shi. Wallahi minti biyu suke yi cinyoyinsu su fara rawa, domin duk motsin daga gwiwa da ƙugu yake fitowa. Salo ne mai cin jiki, sai mai ƙuruciya kuma mai atisaye kullum. Ku riƙe wannan maganar, domin ita ce bayanin abin da ya faru da shi daga baya.

Je ka kalli turmi na shida da Pinklon Thomas a 1987. Kada ka kalli faɗuwar, ƙafafun Tyson za ka kalla.

Nura Maraɗi:
Ni ina bayan Sadiq. Su wa ya doke? Larry Holmes yana da shekara 38, ya ajiye dambe kusan shekara biyu, aka kira shi da kuɗi. Michael Spinks asalinsa ɗan ajin ƙasa da masu nauyi ne, ya hau sama ne kawai, kuma duk wanda ya ga fuskarsa ranar ya san tun a ɗakin shiri aka gama da shi. Daƙiƙa 91 fa. Wannan ba dambe ba ne, tsoro ne.

Koci Habu:
Malam Nura, Spinks ɗin da kake rainawa ba a taɓa doke shi ba kafin ranar, kuma shi ne ya karɓe kambu a hannun Holmes a 1985, ya sake doke shi a karo na biyu. Holmes kuma da kake cewa ya tsufa, bayan Tyson ya gama da shi a turmi na huɗu, ya dawo, a 1992 yana da shekara 42 ya doke Ray Mercer, ya kuma yi turmi 12 cur da Holyfield yana tsaye. A duk rayuwar Holmes mutum ɗaya ne ya taɓa kwantar da shi har aka tsayar da wasa, shi ne Tyson. Ba daidai ba ne a ce duk wanda Tyson ya buge ya zama ba kowa ba saboda ya buge shi da wuri.

Sannan shi tsoron, daga sama ya faɗo? Dambensa 19 na farko duk bugun kwaf ɗaya ne, 12 daga ciki a turmin farko. Shi ya gina tsoron da hannunsa.

Baba Ɗanjuma:
Kuma yadda yake shigowa fage ma wani abu ne. Ba alkyabba, ba safar ƙafa, baƙin gajeren wando da baƙin takalmi, wani lokaci tawul ne kawai aka huda tsakiya ya zura kai. Ba ya murmushi, ba ya rawa. Idan alƙalin wasa yana musu bayani, idonsa na kan abokin karawa ko ƙiftawa ba ya yi.

Sadiq Fagge:
Koci na gode, na ƙaru da bayanin ƙafa, gaskiya ban taɓa lura ba. Amma ka ga ka taimaka wa maganata ba ka sani ba. Ka ce salon sai mai ƙuruciya. To idan salon ya ƙi ci fa, mene ne na biyu? Ali da ƙafarsa ta rage gudu bayan an hana shi dambe shekara uku da rabi, ai sauya dabara ya yi. A Kinshasa a 1974 ya jingina da igiya ya bar Foreman ya ƙarar da ƙarfinsa, ya kwantar da shi a turmi na takwas. Tyson kuwa tun yana ganiyarsa an ga inda lagonsa yake. James Tillis ya kai shi turmi 10 a 1986. Bonecrusher Smith ya yi ta rungume shi har turmi 12. Idan dogo ya cakume shi, sai ka ga ya tsaya cak yana jiran alƙali ya raba su, ba ya aiki a cikin rungumar kamar yadda Joe Frazier yake yi. Kuma idan aka wuce turmi na biyar ko na shida, kan nan da ke motsi sai ya daina, ya koma neman naushi ɗaya.

Koci Habu:
Wannan gaskiya ne, ba zan musa ba. Yarda da runguma babban rauninsa ne. Amma ka lura, Tillis da Smith da Tony Tucker duk sun kai ƙarshe, kuma duk shi ya ci su da maki. Tucker ma ya girgiza shi a turmin farko, dogo ne, ba a taɓa doke shi ba, Tyson ya natsu ya riƙa riga shi tsikarin hagu duk da gajartar hannu, ya haɗa kambu uku a watan Agustan 1987. Ka nemi damben da ya sha wuya ya ci, ga Razor Ruddock sau biyu a 1991. Na biyun turmi 12 suka yi suna musayar wuta, Ruddock ya fita da karyayyen muƙamuƙi. Frank Bruno ma ya taɓa shi da hagu a turmin farko a 1989 har ƙafarsa ta yi laushi, ya dawo ya gama da shi a na biyar.

Ɗan Guramada:
Ku bari mu 'yan damben gargajiya mu sa baki. A Tokyo a 1990, turmi na takwas, Tyson ya ɗauke Douglas da naushin haɓa ya zube. A gidan damben mu da an gama magana, tunda ko hannunka ne ya taɓa ƙasa an kashe ka, sai kiɗa da kirari. Su kuma Turawa sai an ƙirga goma. Kuma ƙirgen ranar ya yi tsawo, kowa ya sani. An yi wa Tyson ƙwace.

Nura Maraɗi:
Ɗan Guramada, ba a yi ƙwace ba. Ka sake kallo. Douglas yana faɗuwa ya daki ƙasa da hannu don haushin kansa, idonsa na kan yatsun alƙali, yana jin tara ya miƙe. Mutumin da hankalinsa ya gushe ba ya haka. Ɗan dambe da ƙirgen alƙali yake aiki, ba da agogon wani ba. Don King, mai shirya wasannin dambe, shi ne ya tayar da ƙurar nan bayan wasa don a hana Douglas kambu, duniya ta yi ca aka bari. Kuma kafin faɗuwar, turmi bakwai Douglas yana dukansa da hagu kamar ya samu ganga.

Koci Habu:
Nura ya fi gaskiya a nan. Amma ku tambayi kanku wane Tyson ne ya je Tokyo. D'Amato ya rasu a Nuwamban 1985, shekara guda kafin yaron ya ɗauki kambu. Jim Jacobs, manajansa da ke zaunar da shi yana nuna masa finafinan tsofaffin 'yan dambe, ya rasu a Maris 1988. Ƙarshen shekarar ya kori Kevin Rooney, mutum na ƙarshe da ya san salon nan ciki da waje. Ga rikicin aurensa da Robin Givens a gaban duniya. Sai Don King ya shigo.

Abin da ya fi ƙona min rai a matsayina na koci: idon Tyson na hagu ya kumbura a tsakiyar wasan, mutanen kusurwarsa ba su zo da ɗan ƙarfen sanyin da ake danna kumburi da shi ba. Safar roba suka cika da ruwan ƙanƙara suna manna masa a ido. Zakaran duniya! Ko mu nan da ba mu da komai ba ma zuwa gasa haka. Sun ɗauka turmi biyu za a yi a koma otal.

Shi kuma Douglas mahaifiyarsa ta rasu kwana 23 kafin damben. Mutumin da ake zargi da lalaci duk rayuwarsa, ranar ya shigo da zuciyar da ba ta da abin asara.

Sadiq Fagge:
Koci, a nan ne muke rabuwa. Duk lokacin da Tyson ya faɗi sai a kawo uzuri: D'Amato ya mutu, Rooney ya tafi, mace ta rikita shi, kurkuku ya cinye shi. Wa ya kori Rooney? Shi. Wa ya ƙi atisaye? Shi. Riƙe kai ai yana cikin gwaninta. Shekararsa 23 kacal a Tokyo. Kuma abin da masoyansa ba sa son ji: Holyfield ya girme shi da kusan shekara huɗu, Lennox Lewis ma ya girme shi. A 1996 ana cewa Holyfield ya ƙare, an taɓa cewa yana da ciwon zuciya, Riddick Bowe ya buge shi shekara guda kafin nan, har ana jin tsoron kada Tyson ya illata shi. Ya zo ya tura Tyson baya, ya kai shi ƙasa a turmi na shida, aka tsayar a na 11. Idan aka ce Tyson ya tsufa a Memphis a 2002, to Lewis da ya kwantar da shi a turmi na takwas yaro ne? A 1996 ma ai dala miliyan 4 aka ba Lewis don ya matsa gefe, daga baya Tyson ya ajiye kambun hukumar dambe ta WBC bai kara da shi ba.

Ɗan Guramada:
Holyfield da kai yake dambe. Karo yake yi kamar rago. A karo na biyu a 1997 ya fasa wa Tyson gira da kai a turmi na biyu, alƙali Mills Lane ya ce ba da gangan ba ne. Wa zai jure?

Baba Ɗanjuma:
A'a ɗana, nan kam ba zan bi ka ba, duk son da nake masa. Karon ya faru, na gani. Amma an yi wa maza abin da ya fi haka ba su ciji kowa ba. Ken Norton ya karya wa Ali muƙamuƙi a 1973, ya ƙarasa damben a haka. Tyson ya ciji kunne har ya gutsure, aka cire masa maki biyu aka ce a ci gaba, ya sake cizon ɗaya kunnen. Ranar na ji kunya kamar ɗana ne ya yi. Na kashe bidiyon na fita waje. Abin da na fahimta shi ne ya ga za a sake dukansa, ya nemi hanyar fita. Tarar dala miliyan 3 da ƙwace lasisi ba su kai zafin abin da ya yi wa sunansa ba.

Maman Ilham:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa, ni ma ina kallon dambe tun ina yarinya tare da mahaifina. Na ga ana ta cewa "kurkuku ya cinye masa shekara uku" kamar wani hatsarin mota ne ya same shi. Don Allah a faɗi abin da ya kai shi. Kotu a Indiyana ta same shi da laifin fyaɗe a 1992, yarinya 'yar shekara 18. An yanke masa shekara shida ya yi uku. Ali an hana shi dambe ne saboda ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam, bai kamata a haɗa waɗannan shekaru ukun da waɗancan ba. Idan ana maganar abin da mutum ya bari a bayansa, wannan ma yana ciki. Na san har yau yana musanta laifin. Amma yarinyar ma 'yar wasu ce, kuma a duk muhawarar maza ba na jin an tuna da ita.

Malam Tasi'u:
Maman Ilham, Allah ya saka da alheri, maganarki tana kan hanya kuma babu mai kare wannan aiki. Abin da zan ƙara shi ne mutumin ya karɓi Musulunci, an ce sunansa Malik Abdul'aziz, ya je Umara a 2010 ya sake komawa a 2022. Tsakaninsa da Ubangijinsa ba mu da ta cewa, muna masa fatan shiriya da cikawa da imani. Sai dai haƙƙin wani ba ya faɗuwa don mutum ya yi suna, kuma kada 'yan uwa su ce shi ne gwani na gwanaye don kawai ɗan uwa Musulmi ne. Dambe daban, wannan daban.

Maman Ilham:
Na gode Malam. Ni ma ba cewa na yi a rufe masa ƙofar tuba ba. Kuma ina tausayin yaron da ya taso a unguwar Brownsville ta New York ba uba a gida, an kama shi sau da yawa tun bai kai 13 ba, mahaifiyarsa ta rasu yana 16. An ce faɗansa na farko a kan tattabararsa ne da wani ƙato ya kashe a gabansa. Duk na san wannan. So nake kawai a faɗi duka biyun.

Nura Maraɗi:
Ga kuma dukiya. Mutumin da ya samu sama da dala miliyan 300 ya zo a 2003 ya ce ya tsiyace. Shi ya sa ya ci gaba da shiga fage bayan ya ƙare, Danny Williams ya buge shi a 2004, a 2005 ya zauna a kujera ya ƙi tashi wa Kevin McBride. Na Jake Paul a 2024 kuwa, yana da shekara 58, ban iya kallonsa har ƙarshe ba.

Koci Habu:
Waɗannan ba na sa su a lissafi, kamar yadda ba na auna Ali da damben Berbick. Matsayata ita ce: ban sa Tyson gaba da Ali ko Joe Louis ba, Louis ya kare kambunsa sau 25. Ban sa shi gaba da Holmes ko Lewis ko Holyfield ba idan ana maganar tsawon zamani. Amma idan aka ce a ɗauko kowa a ranar da ya fi kowace rana ƙoshi, Tyson na daren Spinks, Yuni 1988, ban san wanda zai shiga da shi hankali kwance ba. Wanda duk zai ci shi sai ya tsallake turmi huɗu na farko, kuma ba kowa zai tsallake ba.

Sadiq Fagge:
Na karɓi Ruddock, Koci, na je na sake kallo yanzu, dambe ne na maza. Amma ba a kai shi ƙasa a ciki ba. Har yanzu ba a kawo min wanda ya tashi daga ƙasa ya ci ba, domin babu. Ali ya tashi a hannun Henry Cooper ya ci. Holmes ya tashi daga naushin Shavers ya ci. Louis ya tashi a hannun Braddock ya ɗauki kambu.

Baba Ɗanjuma:
Babu, ɗana, gaskiyarka. Amma tunda kana da YouTube, koma Tokyo turmi na goma ka kalla a hankali. Douglas ya ɗaga masa kai da naushin haɓa, ya bi shi da huɗu, ya zube a karon farko tun da ya shiga damben ƙwararru. Ido ɗaya a rufe. Robar bakinsa ta faɗo. Yana rarrafe a kan gwiwa, alƙali na ƙirge a kansa, shi kuma yana lalube da safar hannu yana neman robar. Ya same ta, ya cusa a baki a karkace rabi a waje, ya dafa ya miƙe yana tangaɗi, alƙali ya rungume shi. Bai san inda yake ba, amma jikinsa na neman komawa dambe. Turmi goma ya sha duka ranar bai juya baya ba, na Lewis ma takwas ya sha jini na zuba. Ka ce ba shi da dabara ta biyu, na yarda. Ka ce ya watsar da kansa, na yarda. Kalmar matsoraci da yayanka ya ce min ka faɗa jiya ce nake so ka janye.

Sadiq Fagge:
Ashe har ya kawo ƙarata wajenku, Baba. Na faɗa cikin zafin musu, kuma na janye ta. Sauran maganata dai tana nan. Koci, idan ka samu lokaci ka turo mana bidiyon yaranka suna gwada motsin kan nan, ina son in gani a kusa.